Yaro ya ƙi littafi? Ga yadda za ku ja ɗan shekara 9 zuwa 12 ya kamu da son karatu

Akwai wani ƙorafi da na sha ji a bakin iyaye, kuma kusan kalmominsa iri ɗaya ne, wai yaron nan da yana ƙarami shi ke ɗauko littafi ya ce a karanta masa, amma yanzu da ya kai shekara 10 ko 11 ko kallon littafi ba ya yi sai in malami ya ba da aikin gida. Toh ba yaronku kaɗai ba ne, kuma ba lalaci ba ne a mafi yawan lokuta. Shekarun nan ne daidai inda karatu ke canza kama a hannun yaro. Daga farkon firamare zuwa wajen aji 3 koyon karatun kansa yake yi, haɗa baƙi da sauti, littafi cike da hotuna, jimla gajera. Daga aji 4 sai abu ya juya, yanzu ana so ya yi amfani da karatun ya koyi wasu abubuwa, hotuna sun ragu, kalmomi sun yi nauyi, kuma a daidai lokacin ne mu manya muke daina karanta masa tunda ai ya iya da kansa. Wata malamar jami'ar Harvard, Jeanne Chall, ta daɗe da nuna yadda yara da yawa ke yin sanyi a karatu a daidai wannan ajin. Sai ga waya, ga gem, ga abokai, duk sun shigo lokaci guda.

Abin da ya sa nake ɗaukar maganar da zafi shi ne abin yana haihuwa. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Keith Stanovich, ya yi bayaninsa a 1986: yaron da yake karantawa kalmominsa na ƙaruwa, karatu na ƙara yi masa sauƙi, sai ya ƙara karantawa, shi kuma wanda ya ja baya karatu na ƙara yi masa wuya sai ya ƙara gudu, tazarar tana faɗi duk shekara. Akwai kuma binciken Alice Sullivan da Matt Brown na 2013 a Landan, sun bi bayanan yaran da aka haifa a Birtaniya a 1970, suka ga waɗanda ke karatu don jin daɗin kansu sun fi ci gaba tsakanin shekara 10 zuwa 16 a yawan kalmomi da iya rubuta kalma daidai, har ma da lissafi. Ku lura fa, karatun jin daɗi aka ce, ba na jarabawa ba. Shi ya sa duk abin da zan faɗa a ƙasa ya ratayu ne a kan abu ɗaya, yaro ya samu littafin da shi da kansa yake so, ba wanda muke so ya so ba.

Matakin farko, ku gano ƙi ne ko kasawa

Kafin a sayi komai kafin a yi faɗa, ku zauna da shi a natse ku ba shi shafi ɗaya na littafin ajinsu ya karanta a bayyane, kar ku riƙa gyara masa, ku saurara kawai. Yana tsallake layi? Yana kawo littafin dab da fuskarsa ko yana murza ido, yana cewa kansa na ciwo? Yana cin karo da kalmar da ya karanta daidai a layin sama amma a ƙasa ta gagare shi? Ya gama shafin kun ce me ya faru ya kasa faɗa saboda duk ƙarfinsa ya tafi wajen haɗa baƙaƙe? In kun ga irin wannan to matsalar ba ta ƙiyayya ba ce, karatun ne yake masa ciwo, kuma babu mai son abin da ke kunyata shi kullum. A kai shi a gwada idonsa, yara da yawa tabarau kawai suke buƙata kuma ba su san sauran mutane na gani fiye da su ba. A duba ji ma. Sannan akwai larurar da ake kira disleksiya, wadda ke sa yaro mai kaifin basira ya sha wuya wajen haɗa harafi da sautinsa, ba ta da alaƙa da daƙiƙanci, kuma koyarwa ta musamman na taimakawa sosai. Ku yi magana da malaminsa ku ji abin da yake gani a aji.

Wani abu kuma, in harshen da yake karatu da shi a makaranta ba shi ne na gida ba, ku gwada masa labari a harshen da yake tunani da shi. Sau da yawa a nan ake gane ashe yana son labari, harshen ne ya tare masa hanya.

Na biyu, ku yi sati guda kuna kallonsa kawai

Wannan matakin ne mutane ke tsallakewa, kuma shi ne ginshiƙin. Kar ku ambaci littafi sam. Ku dai lura, me yake kallo in ya samu waya ko talabijin, wane gem yake bugawa, me yake surutu a kai har ku gaji, wace tambaya yake yawan yi. Yaron da ya haddace sunayen 'yan ƙwallo da shekarar da kowa ya koma wace ƙungiya, wallahi wannan ba mai ƙin ilimi ba ne, a ba shi tarihin rayuwar ɗan wasan da yake so a gani. Wanda ke kwance rediyo ko fitila don ya ga cikinta, littattafan yadda abubuwa ke aiki ne nasa, jirgi, injin, wutar lantarki, sararin sama. Yarinyar da kullum labarinta na ƙawaye ne, wa ya ɓata da wa, wa ya ci amana, za ta so labaran makaranta da abota da zaman gida. Mai son ban tsoro a nemo masa na ban tsoro daidai shekarunsa, mai barkwanci a nemo na dariya, mai son dabbobi kuwa ai shi ya fi kowa sauƙi. Kuma don Allah kar a raba a ce wannan na maza ne wannan na mata, akwai yarinyar da labarin bincike da kama ɓarawo ne kawai ke riƙe ta, akwai yaron da labarin tausayi ne ke taɓa shi. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Bayan satin sai ku yi masa tambayoyi cikin hira, ba a zaunar da shi kamar mai laifi ba. Wane fim ka fi so, me ya burge ka a ciki? Ka fi son labarin da ya faru da gaske ko na ƙirƙira? Wane littafi ka taɓa karantawa da bai gundure ka ba? Wanne ne ka tsana, me ya sa? Amsar tambayar ƙarshen nan tana da amfani fiye da yadda kuke zato, in ya ce ya yi tsawo ko babu abin da ke faruwa a ciki, kun san gajerun babi da labari mai gudu za ku nema.

Na uku, shi zai zaɓa, ku dai ku koya masa yadda ake zaɓe

Ce wa yaro je ka ɗauki littafi a gaban kanta mai littafi ɗari ba taimako ba ne, ruɗewa zai yi ya ɗauki mafi siranta don a rabu da shi. Abin da ya fi aiki shi ne ku tara masa guda 4 ko 5 da suka dace da abin da kuka gano, a laburare ne, a kantin littattafai ne, ko aro kuka yi, ku zube a gabansa ku ce duba wanda ya yi maka. Ku nuna masa yadda mai karatu ke ɗanɗana littafi: a kalli bango, a karanta bayanin da ke baya, a karanta shafin farko, sai a buɗe tsakiya a ga girman rubutu da tsawon babi.

A tsakiyar nan ne ake gwajin yatsu biyar. Ya karanta shafi ɗaya, duk kalmar da bai sani ba ya ɗaga yatsa. Babu ko ɗaya ko guda ɗaya, littafin mai sauƙi ne. Biyu zuwa uku, daidai shi. Huɗu, zai buƙaci taimako. Biyar, a ajiye shi zuwa gaba ko ku karanta tare. Amma gwajin nan jagora ne kawai ba doka ba, yaron da zuciyarsa ta kamu da wani batu zai iya kutsawa cikin littafin da ya fi ƙarfinsa, in ya nace ku bar shi. Haka in ya ɗauki wanda kuke ganin ya yi masa ƙanƙanta ku yi shiru, littafi mai sauƙi shi ke gina saurin karatu da yarda da kai, kuma ba zai dawwama a can ba.

Sai babbar magana, ku ba shi izinin ajiye littafin da bai yi masa ba. Ku yi yarjejeniya, ka ba shi babi 2 ko 3, ko shafi 30, in har lokacin bai kama ka ba mu canza. Na san wasu iyayen za su ce ai wannan koya masa rashin juriya ne, ni ban yarda ba. Juriyar yana koyonta a littattafan makaranta da dole ya gama su. Wannan na jin daɗi ne, kuma littafi ɗaya da aka tilasta masa ya gama zai iya cinye wata uku ya bar masa ƙyamar sauran. Mu kanmu manya ai muna ajiye littafi.

Zaɓi a hannunsa ba yana nufin kun cire ido ba. Shekarun nan yaro na iya karanta littafin da aka rubuta wa 'yan shekara 16, iya karanta kalmomin daban, dacewar abin da ke ciki daban. Ku duba shekarun da mawallafa suka sa a bango in akwai, ku leƙa babi ɗaya ko biyu, ku tambayi mai kula da laburare. Tacewar ku yi ta kafin ku zube masa littattafan, ya fi a ce ya fara ya ji daɗi sannan a fizge.

Na huɗu, ku faɗaɗa abin da kuke kira karatu

Littafin zane mai magana, wato komik, karatu ne. Yaro yana bin labari, yana haɗa hoto da rubutu, yana cin karo da sabbin kalmomi kuma hoton na fassara masa su, ga wanda shafi cike da baƙi ke ba tsoro babu ƙofar shiga kamarsa. Mujallar wasanni karatu ce, littafin abubuwan al'ajabi da ake buɗewa ko ta ina karatu ne, taswira, wasa ƙwaƙwalwa, waƙoƙi, duk suna ciki. Maimaita littafi sau biyar ma karatu ne, kar ku hana.

Amma in akwai abu ɗaya da zan ce ku nema ido rufe to littattafai masu jerin gwano ne, na ɗaya, na biyu, na uku, da taurari iri ɗaya. Wahalar fara sabon littafi ita ce sanin mutanen ciki da duniyarsu, a jerin gwano sau ɗaya ake biyan wannan wahalar, daga nan sai gangara. Kuma yana kashe tambayar nan ta me zan karanta yanzu, wadda a nan ne yara da yawa ke tsayawa. In ya kama na ɗaya, ku tabbata na biyu yana gida kafin ya kai babin ƙarshe, sati biyu na jira ya isa wutar ta mutu.

Littafin sauraro shi ma yana da gurbinsa, musamman ga mai fama da haɗa baƙi. Ya fi kyau a haɗa, yana ji a kunne yana bin rubutun da ido.

Na biyar, ku koma karanta masa a bayyane

E, ɗan shekara 11 ɗin. Abin da yaro ke fahimta da kunne ya kan wuce abin da zai iya karantawa da ido a shekarun nan, saboda haka ta bakinku zai iya shiga labaran da suka fi daɗi kuma suka fi ƙarfinsa. Minti 10 ya isa. Ku sa rai a muryar, ku canza ta in wani ya yi magana, kar ku tsaya kuna tambayar ma'anar kalma. Ga dabarar, ku tsaya a daidai inda labari ya ɗauki zafi, an buɗe ƙofa ba a san wa ke ciki ba, ku ce sai gobe, ku bar littafin a inda hannunsa zai kai. Na yi wa 'yar yayata haka, dare na huɗu na zo ci gaba ta ce ai ta wuce nan, ta yi babi biyu ita kaɗai, kuma yarinyar da ake cewa ba ta taɓa gama littafi ba ce. Tun daga ranar muka koma karɓa-karɓa, ni shafi ita shafi, daga baya ma ta sallame ni.

In ya ce shi ya girma da wannan, kar ku ja. Ku karanta wa ƙaninsa a inda zai ji, ko ku ce zo ka ji wani abu da na gani, ku karanta sakin layi ɗaya mai ban dariya ko ban mamaki ku rufe.

Na shida, lokaci da wuri

Karatu ba ya iya kokawa da waya in an sa su fili ɗaya, an ƙera wayar ne don ta riƙe ido, littafi kuwa sai an ba shi 'yan mintuna kafin ya kama mutum. Saboda haka ku ware masa lokacin da babu kishiya. Minti 15 a rana, lokaci ɗaya kullum, kafin barci ya fi sauƙi ga yawancin gidaje. Kar ku raina 15 ɗin, a shekara ya haura awa 90. Wayoyi su kwana a wajen ɗakin barci, har da naku a wannan lokacin, don barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, yaron da bai taɓa ganin babba riƙe da littafi ba zai ɗauka karatu wani horo ne da ake yi wa yara. Ku zauna kusa da shi kowa da nasa. Wata dabara mai kyau, a ce lokacin kashe fitila ya yi amma mai karatu an ƙara masa minti 15, sai karatun ya zama gata.

Wuri kuwa ba sai an kashe kuɗi ba, haske mai kyau, inda zai miƙe ko ya kwanta yadda yake so, da ɗan kwali ko kanta da za a ce nasa ne. Littattafan su riƙa kallon waje da bangonsu, a bar ɗaya a mota ko a jaka saboda wuraren jira.

Abu guda da zan roƙa, kar a ce an ƙwace waya sai ka karanta shafi 20, ko ka yi laifi je ka ɗauki littafi. Duk ranar da aka yi haka an gaya masa littafi bulala ne waya kuma lada.

Na bakwai, hira ba jarabawa ba

In ya gama babi kar ku tare shi da waye tauraron, me ka koya, taƙaita min. Yana shan wannan a makaranta. Ku tambaya kamar mai son jin labari, ina aka kwana, wancan mugun an kama shi kuwa, kai da kai ne me za ka yi? In ya ce littafin banza ne ku ce me ya ɓata shi, ku saurara da gaske, yaron da ke iya kushe littafi da hujja ya fara zama mai karatu. Wani lokacin ku karanta wanda ya ba ku shawara, ko da bai yi muku ba, ku dawo ku yi musu a kai, yadda yaro ke ji in babba ya ɗauki shawararsa ba ƙarami ba ne.

Maganar lada kuma a yi hattara. A 1973 Mark Lepper da abokan aikinsa a jami'ar Stanford sun gwada yara ƙanana masu son zane, aka yi wa wasu alkawarin kyauta in sun yi zane, daga baya da aka bar su su yi abin da suke so sai waɗanda aka yi wa alkawarin suka rage zanen fiye da sauran. Biyan yaro kuɗi a kan kowane littafi na iya jawo irin haka, zai nemi sirara, zai yi tsallake, ranar da kuɗi ya tsaya karatu ya tsaya. In za ku yi kyauta ku yi ta da abin da ke komawa ga karatun, sabon littafi da zai zaɓa da kansa, fitilar karatu, ko kallon fim ɗin littafin tare bayan ya gama.

Na takwas, ku sa abokai a ciki, ku buɗe hanyar samun littafi

Daga shekara 10 maganar aboki ta fara fin ta uwa da uba nauyi, ku yi amfani da hakan. Yara 3 ko 4 su riƙa musayar littattafai, kowa ya kawo ɗaya ya tafi da ɗaya, littafin da aboki ya ce kai sai ka karanta wannan ya fi duk tallar da za ku yi. A ba shi aikin karanta wa ƙanne, mai rauni a karatu yana samun ƙarfin gwiwa in ya zama shi ne babba. In akwai laburare a kusa ku yi masa kati da sunansa, ku sa ranar zuwa, ku bar shi ya yi magana da ma'aikacin da bakinsa.

In littafin takarda na wuyar samu, akwai na kyauta a intanet. African Storybook da StoryWeaver da Bloom Library suna da labaran yara a harsuna masu yawa har da Hausa, an kasa su matakai daga mai sauƙi zuwa mai wuya, ana iya saukewa a karanta ba data ko a buga a takarda. Yawancinsu na ƙanana ne, ku nemi matakan sama. Project Gutenberg kuma na da dubban tsofaffin littattafai, galibi na Turanci, sai dai harshensu ya kan yi nauyi, sun fi dacewa da wanda ya riga ya yi nisa. In a waya zai karanta, ku sauke littafin ku kashe data tukuna, in ba haka ba saƙo ɗaya ya shigo an tafi.

To in an yi wata guda babu abin da ya motsa fa?

Ku koma matakin farko ku sake duba ko akwai kasawar da ta ɓuya. In babu, to ba a dace da littafin ba ne tukuna, ku canza nau'i gaba ɗaya, in labari kuka yi ta kawowa ku gwada na gaskiya, in dogo ne ku sauko zuwa komik, ku rage mintin zuwa 5, ku ci gaba da karanta masa ko da shi bai taɓa littafin ba. Ku daina cewa ba ya son karatu a gabansa, yara na ɗaukar sunan da aka laƙaba musu su sa kamar riga, kuma kar a gwada shi da yayarsa mai cinye littafi a kwana biyu. Ku ajiye 'yar takarda kuna rubuta abin da aka gwada da abin da ya ce a kai, wanda ya kai shafi 10, wanda ya kai rabi, wanda ya yi dariya a ciki. Bayan littafi 6 ko 7 za ku ga zaren da ya haɗa waɗanda suka ɗan riƙe shi, wannan takardar ce za ku tafi da ita laburare ko kanti ku ce a nemo muku mai kama da waɗannan.